Takalmin Ƙafar Dama

Ana cikin yi wa Baba wanka na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanduna a layinmu. Na ɗaga labulen taga. Ga su nan tafe a jere: wasu kan keken guragu, wasu da hannun riga ɗaya a naɗe, wani makaho dafe da kafaɗar na gabansa. Jagoransu dogo ne mai furfura, yana dogara sanduna biyu, sanye da baƙin takalmi mai sheƙi a ƙafarsa ɗaya tilo.

Baffa Kabiru, ƙanen Baba da ya iso daga Abuja da safen nan, ya tare su a ƙofar gida yana laluben aljihu.

"Bayin Allah, ko gawa ba a fitar ba. Ku dawo ranar sadakar uku."

"Ba bara muka zo ba, Alhaji," in ji dogon. "Sunana Kofur Dauda. Mun zo ɗaukar Saja Lawal. Shi ya ce mu za mu fitar da shi."

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku? Ku kayar mini da ɗan'uwa a kwata?"

* * *

Ina aji biyu a sakandare Baba ya taka nakiya a bakin daga. Ya dawo mana Badarawa babu ƙafar hagu. Aka sallame shi da lambar yabo da alkawarin ƙafar roba, wadda har ya koma ga Allah ba ta iso ba.

Wata guda ya yi yana kallon bango. Ranar da ya tashi, akwatin kayan aikinsa ya nema. Ya kafa rumfar gyaran keke a ƙofar gida, kuma da ita ya kai ni har jami'a. Shi ke raka ni tasha idan zan koma makaranta, jakata rataye a wuyansa. In na ce ya kawo, sai ya ce, "Ƙafa suka cire mini, Humaira, ba wuya ba."

A rumfar nan tsoffin sojoji irinsa suka fara taruwa duk Asabar. Nan suka gano lambar takalminsa ɗaya da ta Kofur Dauda, wanda shi ta dama ya rasa. Tun daga nan, kowace sallah takalmi guda suke saya su raba a gabanmu, kowa ya ɗauki wari ɗaya, suna gardamar wa ya fi cin dunduniya.

Da wani abokinsu ya rasu a Unguwar Dosa, dangi suka zaunar da su gefe, aka miƙo musu ragowar tuwo a leda. Baba ya dawo bai ci abincin dare ba. Asabar ɗin da ta biyo, ya ɗora buhunan yashi kan tsohon ƙyaure, ya ce a fara faretin ɗaukar makara. Maƙwabta suna dariya, su kuma suna faɗuwa suna tashi. Haka suka yi ta yi, har yashin ya daina zuba.

Baffa bai san wannan ba. Kuɗi yake aikowa. Bai taɓa zama a rumfar ba.

* * *

Umma na zaune a tsakiyar mata, idanunta sun kumbura. Na durƙusa na raɗa mata abin da ke faruwa. Ta miƙe ta shiga ɗakin Baba, ta fito da takalminsa, wanda ya goge da kansa jiya da la'asar. Ta gyara hijabi ta nufi zaure, mata suna kiranta.

Maza suka dare. Ta sunkuya ta ajiye takalmin kusa da ƙafar Kofur Dauda. Dama da hagu suka haɗu, ɗinki ɗaya, sheƙi ɗaya.

"Alhaji," ta ce da Baffa, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai da shi kuka haɗa uwa. Wannan kuwa da shi suka haɗa takalmi. Ka bar su su cika masa wasiyya."

"In suka yar da shi fa?"

"Buhun yashi ya fi yayanka nauyi. Ba su yar ba."

Liman ya yi gyaran murya. "Wasiyya ce, Alhaji. Mu bi su a baya."

Bayan an sallace shi, masu hannu ɗaya suka shiga ƙarƙashin makara: mai hannun dama a hagu, mai na hagu a dama. Makahon, Yusha'u, ya kama baya da faffaɗar kafaɗarsa. Masu keke suka wuce gaba suna buɗe hanya. Kofur Dauda ya buga sanduna a ƙasa, makara ta tashi sama cak, ko girgiza babu.

Ya fara kalmar shahada, suka amsa, kowane taku yana faɗawa kan bugun sandarsa. Mai shayi ya miƙe tsaye. 'Yan acaɓa suka kashe injina. Waɗanda suka yi dariya a da suka sunkuyar da kai, suka shiga sahu. Daga bakin zaure na bi su da ido har kwanar babban titi. Can na hango Baffa ya matsa kusa da Yusha'u, ya taɓa kafaɗarsa, ya tsaya yana jira a ba shi wuri.

* * *

Da suka dawo daga maƙabarta, Kofur Dauda ya tsaya yi wa Umma gaisuwa ta bayan labule. Takalmin yana nan inda ta ajiye shi.

"Ka tafi da shi," ta ce. "Ko da yake ban san me zai yi maka ba."

"Zai yi amfani, Maman Humaira. Akwai wani Zaharaddeen a Rigasa, watan jiya aka dawo da shi. Ƙafar hagu ya rasa shi ma. Bai kai talatin ba, ya ƙi fitowa daga ɗaki."

Ya goge ƙurar takalmin da gefen rigarsa, ya ɗaure shi da igiyarsa a jikin sandar dama. Yana tafiya takalmin na lilo, daidai inda ƙafa ya kamata ta kasance.