Mutanen Laka Masu Ƙyalli

"Ban ce ka sata ba, Suma'ila. Cewa na yi wanda ke cikin gwangwanin nan ba shi ne ka kawo daga kanti ba."

"To ina bambancin, Mustafa?"

Nan na tarar da maganar. Daddawa na shigo aro wurin Kellu, matar Mustafa, amma kun san ni, Zuliha, ƙafata ba ta wuce zauren da ake ɗaga murya. Na zauna bakin ƙofar cikin gida ina gyaran ɗankwali kamar wadda ta gaji.

Bari in gaya muku tushen abin. Daminar da aka karɓi mulki daga hannun Nasara, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya sa su biyun su yi masa Birnin Damagaram ƙarami a kan faifan katako, don a nuna wa baƙi ranar biki: gidajen ƙasa, rijiya, masu dukan fata, mata da tuluna, kowa bai wuce ɗan yatsa ba. Suma'ila ke ginawa da yumɓu, Mustafa ke fenti. Tun suna yara a makarantar allo suke tare, kuma zauren nan mabuɗinsa biyu ne, kowa da nasa.

Mushe ya ja musu kunne cewa kada abin ya yi ƙyalli, don za a ɗauki foto, kuma gidan ƙasa ba ya walƙiya. Ya aika Suma'ila kanti ya sayo wani mai da ake fesawa kan fenti, werni suke ce masa, irin wanda in ya bushe ba ya sheƙi. Ran da Suma'ila ya kawo shi ɗaure a bayan keke, suka zuba a famfon fesa maganin sauro suka gwada kan ɗan raƙumin yumɓu ɗaya. Ya fito lumui ba ƙyalli, kamar ka ji warinsa. Bayan kwana biyu suka fesa wa sauran, sai ga mutanen Birni duka suna ƙyalli kamar an tsamo su daga kaskon suya.

Mustafa ya ce laimar damina ce, ya kai su rana. Ya ce ya matso da famfon kusa ne, ya ja baya ya sake fesawa. Ya ce ya yi kauri, ya yi sama-sama. Ya wanke famfon da kananzir. Kowane gwaji sai ƙara sheƙi, ga biki jibi.

"Ran da ka kawo shi, fari-fari ne kamar ruwan tsari," in ji Mustafa, yana karkata gwangwanin. "Dubi yanzu. Garai-garai kamar ruwan rijiya, kuma ya ragu. Ni ban taɓa ba. Wa ya rage mai mabuɗi?"

Suma'ila bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Faɗi mana da bakinka."

"Kafintan unguwarku ya daɗe yana neman irinsa."

"Wato na sayar masa na zuba maka wani."

"Kai ka faɗa."

Na hango Kellu a tsakar gida ta daina tankaɗe, ranta a ɓace da Suma'ila, don har ga Allah ita ma ta ɗauka shi ne. Sai idona ya faɗa kan ƙwaryar da ke gefenta. Jiya na ganta sabuwa, bayanta na ɗaukar ido. Yau ta dushe, ba ta ko kama rana.

Ina iya yin shiru. Sai dai ni shiru bai taɓa karɓata ba.

"Kellu, 'yar nan," na ce da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "me kika shafa wa ƙwaryar nan ta mutu haka?"

"Dauɗar man Malam ce, Inna. Na ce ko za ta hana ta tsagewa."

Mustafa ya leƙo. "Wace dauɗa?"

Kellu, ku sani, duk unguwa ba wadda ta kai ta iya man gyaɗa. Mai in ya kwana, ta tsiyaye na sama, ta tace da ƙyalle, abin da ya kwanta a ƙasa ba ya shiga kwalbarta. Ta miƙe tana share hannu a zane, da fara'arta ma.

"Shekaranjiya da nake shara na buɗe na ga wani farin abu ya kwanta a gindin gwangwanin kamar gasara. Na ce waɗannan 'yan kanti ba su da tsoron Allah, su sayar wa mutum mai da laka. Na tace maka shi tas, Malam, har sau biyu. Mantawa na yi ban gaya maka ba."

Suma'ila ya shigo ya ɗauki ƙwaryar, ya juya ta a rana, ya goga da babban yatsa. Ya ɗauko raƙumin nan na farko ya jera su. Iri ɗaya.

"Wannan farin shi ke kashe ƙyallin," ya ce a hankali. "Keke ya girgiza shi ran farko, shi ya sa ya yi. Akwai saura?"

"Yana cikin kasko a bayan ɗaki," in ji Kellu.

"A mayar, a girgiza sosai, a fesa. Zai yi."

Mustafa ya yi 'yar dariya wadda ba ta da gindi. "To ka ga, aikin mata ne. Zo mu haɗa, Suma'ila, lokaci na tafiya."

"Ita gyara ta yi niyya. Kai fa?"

"Haba, raina ne ya ɓaci."

"Ka zargi damina, ka zargi famfo. Da suka ƙare, ba ka tambayi kowa a gidanka ba, sai ni."

Suma'ila ya koma zaure, ya kwance mabuɗin daga igiyar wuyansa, ya ajiye shi a kan katakon, tsakanin 'yar rijiyar da matan tuluna.

"Suma'ila, don girman Allah, jibi ne fa."

"Ka iya fesawa. Inna Zuliha, a gaida gida."

Ya fita ya maka ƙyauren kwanon har wani ɗan mai dukan fata ya faɗo daga kan katakon, kansa ya gangaro gabana yana ƙyalli.