Rumbun da Bai Shiga Filash Ba

Da wani faifan sidi da ya sayo a Kano a 2005 Uzairu ya koyi rubuta furogiram na kwamfuta. Yana sakawa a kwamfutar shagon buga takardun da yake yi wa aiki a Azare, komai ya shige lokaci guda, da wurin rubutun da rumbun da bayanai ke zama. Bai taɓa sanin cewa abu biyu ne daban-daban ba.

Da shi ya gina wa Malam Babayo mai allurar shanu rajistar garkuna. Wata huɗu yana kwashe sunayen makiyaya daga wasu littattafai da gara ta ci rabinsu, tun daga rugagen Bulkachuwa har Gamawa, da ranar da aka yi wa kowane garke allura. Da ya gama, Malam Babayo ya ƙone littattafan kada garar ta kama sauran takardunsa. Ya ce ranar Litinin shugabannin ƙungiyar makiyaya za su zo su gani, in sun gamsu Uzairu ya samu aiki a ofishinsu.

Ranar Asabar kwamfutar ta fara kashe kanta. Aka kira Bunu mai gyara, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: ya goge komai, ya zuba sabo.

"Ka kwafe kayanka?" in ji Bunu.

"Kullum sai na kwafe a filash. Goge."

Bayan la'asar Uzairu ya mayar da furogiram ɗinsa. Ya buɗe tsaf, ga hoton bijimin da ya saka a sama, ga layuka. Babu suna ko ɗaya.

Bunu ya leƙa cikin filash ɗin, ya yi tsaki. "Malam injiniya, buhu ka ɗauko ka bar geron. Sunayen a rumbu suke, shi kuma can wani lungu yake zama."

"Da masu haɗa sidin ba su cusa su a faifai ɗaya ba, ai da na san rumbun daban yake," in ji Uzairu.

"Da ba su haɗa ba, ina za ka samo shi? A intanet ɗin garin nan da shafi ɗaya ke cin rabin awa? Da ko farawa ba ka yi ba."

Uzairu ya san gaskiya ne. Ya tambaya ko akwai dabarar dawo da sunayen. Bunu ya ce ya riga ya zuba sabo a kai, ya naɗe wayoyinsa.

Washegari Uzairu ya sami Malam Babayo a ƙofar gida yana wanke sirinji, ya durƙusa ya faɗa masa. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da ɗauraye sirinjin a ruwan kwano.

"Garke nawa ka riƙe a ka?"

"Ba su fi ashirin ba, Malam."

"Ni ma haka. Ɗari shida ne." Ya zubar da ruwan. "Gobe kada ka zo. Ni zan gaya musu."