Awon Cinyar Ambrose

Wata shida ke nan da mota ta suɓuce daga jek ta danne wa Ambrose ƙafa a garejinsa na Kakuri, a Kaduna. Ƙashi ya haɗe, amma cinyar hagu ta tsotse ta koma kamar muciya.

Duk ƙarshen wata yakan je wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi a Narayi. Safiya, wadda ke kula da shi, takan shafa masa mai mai sanyi, ta ɗora masa na'urar sikanin irin ta duba masu ciki, ta auna kaurin naman. Lambar tana hawa, amma tafiyar hawainiya take yi.

Ran nan Safiya ba ta nan, sai wani sabon ma'aikaci, Benson, ya auna.

"Oga, ai raguwa ta yi," in ji shi. "Milimita uku."

Ambrose ya sauko daga kan gadon awo. Wata guda yana ɗaga jakar yashi da ƙafar nan safe da yamma, har hawaye yakan fito masa. Ya ja sandarsa ya koma gidansa a Romi, bai sake zuwa ba.

Sai da Safiya ta kira shi sau huɗu sannan ya dawo, fuska ba walwala. Ta auna tsawon cinyar da tef, ta yi alama a tsakiya da biro, ta ɗora na'urar a hankali.

"Dubi allo, Oga Ambrose."

Ta danna da ƙarfi. Yana gani naman ya baje, ya sirance.

"Ka gani? Hannun Benson ne ya danna da yawa, ba ƙafarka ce ta ragu ba."

Ta kira Benson, kowannensu ya auna sau uku a kan alamar. Awonsu ya zo kusan ɗaya: ƙarin milimita guda.

"Guda tal?"

"Guda. Ita ma ba zan rantse maka ba, awon kan kauce da kamar haka."

"To wahalar me muke yi, Madam?"

Safiya ta murza idanunta. Mutum tara ne ke jiranta a benci.

"Awon wata ɗaya kan ruɗi mutum. In ka haɗa na wata shida, ka ƙaru sosai."

Ambrose ya goge man da tsumma. Ya nisa.

"Sau nawa zan ɗaga jakar yau?"

"Talatin."

Ya miƙe da ƙyar, ya nufi ɗakin motsa jiki yana ɗingishi.