Bangon da Jantina Ta Shafe

Ma'aikaciyar hukuma ta shafa tafin hannunta a bangon falo, tun daga gefen taga har kusurwa, sannan ta juyo.

"Madam Wiersema, ina tsagewar da kuka kai kuka a kanta?"

Jantina Wiersema na riƙe da faranti mai kofi uku da biskit uku.

Shekara shida ke nan da bangon ya tsage, tun ranar da ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙauyensu na arewacin Holan, inda kamfani ke zuƙar gas. Mijinta Tjaart ya riƙa bin tsagewar da fensir, yana rubuta kwanan wata duk inda ta kai. Shekara shida suna jiran mai duba gidaje, domin sai an ga ɓarna ido da ido ake sa gida a jerin waɗanda za a ƙarfafa. Wanda bai shiga jerin ba, sai dai ya zauna ya jira rufi ya sauko masa.

Ranar da takardar zuwan baƙuwa ta iso, Tjaart yana kwance a asibiti ana duba masa ƙugu. Jantina ta tsaya ta ƙare wa bangon kallo. Ita da ke wanke dakalin ƙofar gida kowace Asabar, ita da ko labule ba ta sawa don mai wucewa ya leƙo ya ga tsafta, a ce baƙuwa ta shigo ta tarar da bango baki buɗe, ga zanen fensir kamar na 'yan makaranta? Ina! Ta sayo siminti da farin fenti. Kwana biyu tana kan tsani da shekarunta saba'in da ɗaya. Kuma duk ƙauyen an san Jantina, in ta yi aiki ba ta barin alama.

"Tana nan ciki, 'yata," in ji Tjaart, wanda aka sallamo da safiyar nan. "Yatsuna huɗu ke shiga. Wannan tsohuwar ce ta yi mata kwalliya don zuwanki."

"Kuna da hoto?"

"Wa ke ɗaukar hoton abin kunya?" Jantina ta faɗa a hankali.

Ma'aikaciyar, Femke sunanta, ta sunkuyar da kai kan takardarta. "Baba, ni abin da idona ya gani kaɗai aka yarda in rubuta. Kuma abin da aka tono bayan na zo, ba a karɓa."

"To zauna ki sha kofi, an jima ƙasar za ta motsa ki gani. Ita ba ta saɓa alkawari, ba kamar iyayen gidanki ba." Ya gyara zama da ƙyar. "Ai dai bana za a rufe rijiyoyin gas ɗin, ko?"

"Ba ku ji labaran safe ba? An fasa rufewa. Ƙasashen ƙawance sun sa hannu. Za a ɗora haraji kan kayan waje da aka ƙera da hayaƙin kwal. Su ma maƙwabta za su bar kwal ɗin, mu kuma mu riƙe su da gas har su tsaya da ƙafarsu."

"Madalla. Su tsabtace sama, mu ƙasa ta haɗiye mu. Da suka sa hannun, an tafa?"

Femke ta ce suna iya sake neman a duba gidan, amma layin ya kai shekara huɗu.

"Huɗu?" Tjaart ya yi dariya har da tari. "Ce musu su neme ni a maƙabartar bayan coci. Can ma ƙasar ɗaya ce, za mu yi rawa tare."

Ta tafi ba ta taɓa biskit ɗin ba. A takardar da ta bari kan tebur an rubuta: babu ɓarnar da ake gani.

* * *

Jantina ta jira faɗa. Da ya zage ta da ta ji sanyi, amma Tjaart ya shanye kofinsa, ya kai kofin madafa, ya ɗauraye. A gidan nan aka haife shi, a nan ta reni 'ya'yansu uku, kuma da hannunta ta hana gidan shiga jerin.

Ta san ba za a karɓa ba. Duk da haka ta ɗauko wuƙar yankan burodi, ta jawo tsani, ta hau. Ta kankare nan, ta kankare can. Ta rasa ma inda tsagewar take.

"Matsa hagu kaɗan," in ji Tjaart, ya zo ya riƙe mata tsanin.

Ta matsa. Simintin ya kama fiye da tubalin gidan kansa. Ta danna da dukkan ƙarfinta, sai bakin wuƙar ya karye ya faɗi ƙasa.

"Bar shi, Tina," ya ce, muryarsa ba fushi ko kaɗan. "Kin yi aiki mai kyau."

Ba ta sauko ba. Ta ci gaba da kankarewa da guntun wuƙar, farin gari yana zubo wa tsohon a ka, shi kuwa bai saki tsanin ba.