Tagar Gwaggo Zorka

Ana gab da bikinsu Tiyana ta ce wa Slavko ita fa sai sun bar garinsu Nish sun je babban birni Belgired sun sha iska su kaɗai, ba uwarsa, ba zancen raguna nawa za a gasa. Slavko ya ce an gama, har ya samo musu masauki a tsakiyar birni wanda ba zai ci musu ko dinari ba. Tun nan ya kamata ta sha jinin jikinta, don araha ba ta ado. Masaukin dai gidan Gwaggo Zorka ne, yayar babansa, can saman wani tsohon bene.

Tun da aka sa rana, uwar Slavko ce ta zaɓi wurin biki da makaɗa, har da labulen ɗakin da za su zauna, shi kuwa ba abin da ya iya sai "to, Mama". Tiyana tana son sa, so na gaske, shi ya sa abin yake ci mata rai. A cikin mota ta yi wa kanta alkawari: in tafiyar nan ta ƙare bai ce wa mace ɗaya a danginsa a'a ba, zoben baikon da ya sa mata zai koma aljihunsa.

"Shigo, 'yata, shigo!" in ji Gwaggo da suka isa. "Kai Slavko, rufe ƙofar nan, so kake a yi jana'izata kafin bikinka? Dubi yarinya duk ƙashi, ba ka ciyar da ita ne?"

Watan Agusta ne, gari kamar tanda, amma kowace taga a gidan a garƙame take, an kuma cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. A ƙasarsu mutum ya sha taba tun yana ɗan firamare, ya karya kumallo da giyar da suke ce wa rakiya, ba mai ce masa uffan. Amma ya kuskura ya buɗe taga da ƙofa lokaci guda iska ta ratsa ɗaki, to ya kira muguwar iskar da suke ce wa promaya, kuma a lissafin Gwaggo ita ta kashe duk mamatan danginsu, har da mijinta da ya faɗo daga kan tsani.

Aka shimfiɗa wa Slavko a kujerar falo, Tiyana kuwa gado ɗaya da Gwaggo, cikin bargon ulu. Washegari, maimakon bakin kogin Danube da suka ci burin gani, kabarin mijin Gwaggo aka kai su, daga nan sai gidajen maƙwabta a nuna amarya. Duk abin da aka ce, Slavko sai "to, Gwaggo".

Da rana aka zuba musu miya mai tururi da tattasai cike da nama. Zufa ta jiƙa Tiyana sharkaf, ta miƙe ta kama mariƙin taga.

"Kul!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Amarya da karkataccen baki za mu kai coci? Slavko, yi mata magana mana!"

 Tiyana ta soma murza zoben nan, har ya zo gaɓar yatsa. Slavko ya ga zoben, ya ga fuskarta, ya ajiye cokali.

"Gwaggo, zafi take ji."

"Zafi ya taɓa kashe wani? Zauna, ɗan nan, ci abincinka."

"A'a, Gwaggo."

Shi ma da tsoron promaya aka yaye shi, kuma har ga Allah ya yarda tana kisa. Duk da haka ya wangale taga, ya je ya wangale ƙofa, ya jawo kujera ya dasa ta a tsakaninsu, ya zauna da jiƙaƙƙiyar rigarsa ya runtse ido.

"In kisan za ta yi, ta fara da ni," ya ce.

Iska ta ɗaga labule. Gwaggo ta ruga ɗaki tana kiran sunayen waliyyai. Tiyana ta tura zoben ya koma mazauninsa, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Gari na wayewa wuyan Slavko ya sandare, ya karkace hagu, ko motsi ba ya yi. Gwaggo ba ta taɓa farin ciki irin na ranar ba. Ta naɗe masa wuya da tsumma jiƙe da giyar rakiya, waya a kunne tana ba uwarsa labari: "Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa! Yarinyar nan sai ta ga bayansa!"

A motar komawa Nish tikitin Tiyana na kujerar damansa ne, ga shi ko waiwayowa ba ya iyawa, sai warin giya yake yi yana nishi.

"Tiyana, kina nan kuwa? Ba na ganin ki."

"Wawa kawai," ta ce.

Ta tashi ta roƙi wani dattijo suka yi musayar wuri, ta koma hagu, ta zauna daidai inda wuyansa yake kallo.