Ƙwallon Goriba a Wuyan Duna

Shekarar da mahaukacin kare yac ciji mutane a kasuwar Goronyo, Nasara ya aiko da doka ta bakin hakimi: duk karen da anka gani shina dalalar da miyau, a kashe shi. To, lokacin nan na Duna, karen Mode maharbi, yag ga damar haɗiye ƙwallon goriba. Shashashan banza! Ƙauyenmu Rimawa cike da ƙashi, shi sai goriba.

Kulu matar Mode ta tak kankare goriba don kunu, taz zubar da ƙwallayen bayan danga. Duna yaɗ ɗauki guda shina wasa, yaw wuce mai, yat tsaya a maƙogwaro. Sai kakari, idanu jajur, miyau na zuba har ƙasa. Mode kuwa idanunai sun fara rauni. Duna ka gano mai zomo, shi ka maido shi gida in ya yi nisa cikin daji. In babu karen nan, farauta ta ƙare mai ke nan.

Maccido mai unguwa yal leƙo ta kan danga, yag gani, yac ce, "Baba Mode, ka yi haƙuri. In na ɓoye, ni za a tuɓe." Yat tura a kira ɗan doka daga Goronyo.

Mode yar rikice, yaj jiƙa gishiri da kanwa wai shi ɗura ma kare shi yi amai. Kulu tab buge ƙwaryar.

"Mi kake yi haka, Malam? Hanya toshe, ka ƙara mata ruwa? Kai za ka kashe shi tun ɗan doka bai iso ba!"

Ita ta san aikin, ta taɓa yi ma akuyarta. Tas sa anka danne Duna a gefe, anka gitta guntun icce tsakanin haƙoranai don kada shi rufe baki. Tat tsiyaya man shanu kaɗan kaɗan da ludayi, tal lalubi wuyan har taj ji ƙwallon, tas sa manyan yatsu ƙarƙashinai tana turowa sama sannu a hankali.

"Ga shi nan ya taso. Wani shi sa hannu!"

Maƙwabtan da sunka cika gidan kowa yaj ja baya. Miyan kare, ga la'asar ta gabato, kowa da alwallatai! Mode bai ko dube su ba, yaz zura hannu har wuyan hannu, haƙori yay yage mai fata, yaf fizgo ƙwallon yaj jefar. Duna yay yi tari, yam miƙe shina tangaɗi, yan nufi kaskon ruwa.

Shina cikin sha ɗan doka ya iso, wani dogo mai suna Jelani, da kulki a hannu. Yad dubi kare, yad dubi ƙwallon, yac ce, "Baba, mahaukacin kare bai shan ruwa haka. Wanga lafiyatai lau."

"Alhamdu lillahi," in ji Kulu.

"Tsaya, Inna. Magana ta riga ta kai gidan hakimi, an ce in koma da wutsiya, ita ta shaida. In na tafi hannu banza, gobe wani za a aiko, shi ko ba tambaya zai yi ba." Yaj juya baya shina kallon rumbu. "Can dai ba a zuwa ganin gawa."

Wallahi na ji tausayin tsohon nan. Maccido yac ce a ba shi wuƙa shi yanke wutsiyar, Mode yaƙ ƙi. Da kainai yaw wasa ta, yas sa ta wuta, yak kira Duna da sunanai, kare yaz zo da gudu yak kwanta gabanai. Sara guda. Kukan da Duna yay yi har bakin fadama an ji shi. Kulu tad danna toka a wurin, Jelani yan naɗe wutsiyar cikin ganye yaf fita ba ko sallama.

Duna yash shige ƙarƙashin rumbu, Mode yaz zamna ƙasa da wuƙar a hannu. Can sai ga karen ya rarrafo, yaz zo shina lasar hannun da haƙorinai yay yage, ɗan dungun da yas saura na ta motsi. Mode yar rufe fuska da hannun riga, yaf fashe da kuka gaban mutane.