Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

"Ku tashi mu tafi, ba nan ba ne," na ji wani namiji yana faɗa ta bayan katanga.

Na ajiye muciya na faɗa gidan Inno ko takalmi babu. Inno maƙwabciyata ce, tsohuwar Bafulatana da rashin tsaro ya koro daga Katuru zuwa Kaura Namoda. Tun kafin damina take kwance, kowa ya san tafiya ta kusa.

Na iske wata mata mai tabarau durƙushe gaban gado, mayafinta na ta zamewa. Lukman, direban da ya kawo ta daga Abuja, shi ne tafinta. Inno kuwa ta juya fuska bango.

"Lafiya?" na ce.

"Daga Amurka take, Hajiya. Asalin ubanta take nema. Ya je karatu can tun zamanin da, ya yi aure, bara ya rasu. Sunansu Katuru. Mun je Shinkafi, mun je Zurmi, kowa Katuru, ba mai haɗa jini da wani. Sai aka kwatanta mana tsohuwar nan."

"To ai dole! Da can in yaro ya shiga makaranta, sunan garinsu malamai ke liƙa mishi. Me ka tambayi tsohuwa?"

"Cewa na yi ko ita ce uwar Hashimu. Ta yi banza da mu."

Wallahi sai da na riƙe baki. Ɗan Hausawa guda, ya tsare Bafulatana da sunan ɗan farinta! Ni da muke katanga ɗaya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Wancan yaron" take cewa, shi ma sai ta kau da kai. Kuma na san abin da ke cin ta: mutane sun daɗe suna cewa ya samu duniya ya manta da uwarsa. Ba ta taɓa tankawa ba, amma da maganar take shirin shiga kabari.

"Kai dai boko ya cuce ka," na ce wa Lukman. "Zauna. Tambaye ta sunanta."

Baƙuwar ta yi magana mai tsawo. Lukman ya fassara.

"Wai a takarda Ummusalma. Amma uban bai taɓa kiranta da shi ba har ya mutu. Inno yake ce mata. Tana ƙarama har kuka ta sha yi, a zatonta sunan ne ba ya so."

Ummusalma sunan yanka na tsohuwar nan ne, a unguwa ba mu fi mu biyu da muka sani ba. Wane ɗa zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa, ko da a kan ɗiyarsa?

Gado ya motsa. Inno, wadda sai an ɗaga ta, ta juyo da kanta.

"Barakatu," ta ce da ni, "wancan yaron... ya rasu?"

"Ya rasu, Inno. Sai haƙuri."

Ta yi salati. Sannan ta miƙa hannu ta kama kunnen baƙuwar tana murzawa, kamar mai duba ɗan maraƙi.

"Kunnuwan gidanmu ne. Kira mini matan unguwa. Duka."

Na fita ina guɗa, ni da ban yi guɗa ba tun bikin autata. Ɗaki ya cika har ƙofa. Inno ta sa aka jingina ta da matashi, ta dubi masu maganar nan ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ce ya manta. To ga takwarata, daga Amurka. Kullum safiya in ya ce mata Inno, ni yake gaisarwa."

Ba wadda ta iya ɗaga kai. Ni kam na yi kuka, na yi dariya, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar Juma'a da hantsi Inno ta cika, kanta bisa cinyar jikarta. Da aka dawo daga maƙabarta, liman ya tambaya wa za a yi wa ta'aziyya, tunda an san ba ta da kowa a gari. Na nuna masa tabarmar da ke ƙofar ɗaki.

Jikar na zaune a kai, ta miƙe ƙafafu, na ɗaure mata mayafi da kyau. Mata na shigowa suna durƙusawa.

"Inno, ya haƙuri?"

"Da godiya," take cewa, a hankali, da karyayyen harshenta.